Injin da ba ya haki a kan dutse

Wata takwas ke nan ina jiran wani inji da ba ni zan saya ba, kuma ba ni zan fara hawansa ba. A watan Fabrairun 2022, kamfanin BRP na ƙasar Kanada ya sanar da sabon samfurin babur ɗinsa na hawan duwatsu masu dusar ƙanƙara, wato Ski-Doo Summit na 2023, ɗauke da injin da ya raɗa wa suna Rotax 850 E-TEC Turbo R. Kamfanin ya yi alkawari biyu. Na farko, injin zai ba da ƙarfin doki 180. Na biyu, wannan ƙarfi ba zai ragu ba har a kai tsayin ƙafa 8,000, wato mita 2,400 da 'yan kai sama da teku. Alkawarin farko shi ya cika bakin jama'a, amma ni na biyun ne ya hana ni sakat, kuma a kansa nake so mu tattauna da ku, 'yan uwana ɗalibai.

Ina karatun injiniyanci ne a lardin Birtish Kolombiya da ke yammacin Kanada, kuma duk Asabar ina aiki a wani ƙaramin gareji da ke gyaran irin waɗannan babura. Wanda bai taɓa ganin babur ɗin ƙanƙara ba, ya ƙaddara babur ne da aka cire wa tayoyi. A gaba an sa masa alluna biyu na zamiya, su ake juyawa da kan babur. A baya kuma akwai doguwar ƙafar roba mai zagayawa irin ta katafila. A na hawan dutse, zagayen wannan ƙafa kan kai inci 154 ko 165, har akwai mai 175, kuma a jikinta akwai haƙoran roba masu tsawon kusan inci 3 da ke tonon ƙanƙara suna watsa ta baya. Babu giyar da ake sakawa da ƙafa ko da hannu. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu, suna buɗewa suna tsukewa da kansu gwargwadon gudun inji da nauyin da yake ja.

Asalin abin ba wasa ba ne. A watan Janairun 1934, wani makanike a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kubek, mai suna Joseph-Armand Bombardier, ya rasa ɗansa ɗan shekara 2 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Dama yana ƙoƙarin ƙera abin hawa a kan ƙanƙara, sai wannan rashi ya ƙara masa himma. A 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum 7 da ke tafiya a kan ƙanƙara, a 1959 kuma ya fito da ƙaramin da ake kira Ski-Doo. Har yau a Valcourt ake haɗa su, injinan kuwa daga masana'antar Rotax da ke ƙasar Ostiriya suke zuwa. A arewacin Kanada da Alaska har gobe da shi ake zuwa farauta, makiyayan barewar reindeer na arewacin Turai kuma da shi suke bin garkensu. Na hawan dutse dai na shaƙatawa ne, kuma a nan kamfanoni suke baje kolin duk fasahar da suke da ita.

Yadda ake cinikinsa ma abin mamaki ne. Ana nuna sababbin samfura a Fabrairu ko Maris, lokacin da hunturu ya kusa ƙarewa. Mai so ya je wajen dila ya zaɓi launi da tsawon ƙafa, ya ba da kafin alƙalami, sannan ya koma gida ya jira har Oktoba ko Nuwamba. Kuɗinsa kuwa ya kai na ƙaramar mota sabuwa. A gida da sai a ce cinikin biri a sama ne. Akwai wani abokin cinikinmu, matashi ne mai aikin walda, bai girme ni da yawa ba, wanda ya sayar da tsohon babur ɗinsa ya haɗa da abin da ya tara ya yi odar wannan sabon. In ya iso, wajenmu zai kawo shi mu ɗaura masa mazaunin jarkar mai da jakar kaya. Tun daga lokacin duk Asabar sai ya leƙo, ko ba shi da gyara, don kawai a yi hirar doki 180.

To, bari mu auna wannan adadi. Babur ɗin acaɓa bai cika wuce doki 10 ba. Toyota Corolla mai inji 1.8 tana da doki 130 da 'yan kai, kuma nauyinta ya haura kilo 1,200. Babur ɗin hawan dutse kuwa nauyinsa kilo 200 ne da ɗoriya kaɗan, injinsa silinda biyu ne kacal, girmansa cc 849, yana juyi kusan sau 8,000 a minti ɗaya. Mai karatu zai ce me za a yi da wannan uban ƙarfi a abin da mutum ɗaya zai hau? Amsar tana cikin ƙanƙarar. A kan dutse babu titi. Dusar da ta sauka jiya laushinta kamar garin fulawa, wani wurin in ka sauka daga babur sai ka nutse har ƙirji. A irin wannan wuri ƙafar robar na gudu ninkin gudun da babur ɗin yake yi, domin yawancin ƙarfin a tono da watsawa yake ƙarewa. Da zarar ƙafar ta rage gudu a tsakiyar hawa, bayan babur ya nutse, tafiya ta ƙare, sai shebur. A Dutsen Copeland da ke kusa da garin Revelstoke, a hunturun 1971 zuwa 1972, dusar da ta sauka ta haura mita 24. Irin ƙasar da aka ƙera babur ɗin dominta ke nan.

Yanzu ga matsalar da alkawari na biyu yake magana a kai. Inji da iska yake aiki kamar yadda yake aiki da mai, domin fetur ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin. Ko'ina ka je oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, amma in kana hawa sama iskar kanta raguwa take yi. A tsayin mita 2,400, matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Fistin zai sauka ya zuƙo cikin silinda guda kamar kullum, amma abin da ya shigo bai kai na da ba. Makanikai suna da ƙiyasi mai sauƙi: duk ƙafa 1,000 da aka hau, inji kan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Ku ɗauki biro ku gwada. Injin 850 maras turbo yana da doki 165 a bakin teku. Kashi 3 sau 8 ya ba da 24. Cire kashi 24 daga 165, abin da ya rage bai wuce 125 ba. Doki 40 sun gudu, kuma a daidai wurin da aka fi bukatar su.

Don ku ga girman abin: Kano da Revelstoke kusan tsayinsu ɗaya, mita 500 ba kaɗan. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila wajen 1,600. Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato abin da kamfanin yake cewa shi ne, injinsa zai yi aiki a ƙololuwar Chappal Waddi kamar yana bakin ruwa a Legas.

Na taɓa jin wannan asara da jikina a hunturun bara, lokacin da maigidana ya ba ni aron tsohon babur ɗinsa maras turbo muka hau tare. A ƙasa, in na taɓa totur kaɗan sai ya zabura kamar zai fizge hannuna. Da muka wuce inda bishiyoyi suke ƙarewa, sai na ji muryarsa ta sauya, ina murɗa masa yana amsawa a kasalance. Da na sauka na yi taku goma a cikin ƙanƙara, ni ma sai haki. Maigidan ya yi dariya ya ce: "Yaro, kai da injin ciwonku ɗaya." Tun ranar darasin matsin iska da muka haddace a sakandare ya zauna mini.

Maganin wannan haki shi ne turbo. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana dannawa injin iska da ƙarfi. Kwamfutar injin tana auna matsin iskar waje, in ana ƙasa ta rage dannawa, in ana hawa ta ƙara, har ta cike giɓin. Motoci da manyan tireloli sun daɗe da shi. Abin da ya sa ya zama labari a nan shi ne irin injin. Wannan inji mai bugu biyu ne, ɗan uwan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, da tsohuwar Vespa. Irinsa ba shi da bawul irin na mai bugu huɗu, ramuka ne a jikin silinda da fistin ke buɗewa da rufewa, kuma duk juyi ɗaya sai fulogi ya ba da wuta, saɓanin mai bugu huɗu da sai ya yi juyi biyu. Shi ya sa yake da ƙarfi ga rashin nauyi, kuma shi ya sa masu hawan dutse ba sa rabuwa da shi.

Sai dai yana da hali. Akwai ɗan lokacin da ramin shigar iska da ramin fitar hayaƙi duk a buɗe suke. In ka danna masa iska babu lissafi, ta nan ta shigo ta can ta fice, kamar mai ɗura ruwa a rariya. Salansarsa ma ba bututu ba ce kawai: ƙumburin da ke tsakiyarta an auna shi ne don ya maido da wani matsi ya tura iskar da ta tsere ta koma cikin silinda kafin ramin ya rufe. Duk wanda zai sa turbo dole ya daidaita shi da wannan. Shekara da shekaru masu hawa suna sayen turbo a waje suna ɗaurawa da kansu, suna asarar garantin kamfani. Sai a Janairun 2020 Ski-Doo ya fito da inji mai bugu biyu na farko da ya zo da turbo tun daga masana'anta, mai riƙe doki 165 har ƙafa 8,000. Abin da ya taimaka shi ne fasahar E-TEC, wadda ta samo asali daga injinan jiragen ruwa na Evinrude: babu kafireta, injekta ce ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda, don haka ko iska ta tsere ba ta tafiya da man da yawa. Kamfanin Polaris na Amurka ya mayar da martani da nasa, Patriot Boost, a samfurin 2022. Wannan da muke jira shi ne amsar amsa.

Na kira kawuna da ke gyaran janareta a Kano na zayyana masa duk wannan, ina zumuɗi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "To ɗana, na ji. Zafin fa ina yake zuwa?" Na ce: "Wane zafi, Kawu?" Ya ce: "Duk injin da ka matsa wa ya ba da abin da ya fi na jiya, zafi zai ƙara. In ba ka san inda zafin yake fita ba, ba ka san injin ba." Mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, amma ya sa yatsa daidai kan abin da maigidana yake faɗa kullum. Iskar da aka matse ɗumi take yi, iska mai ɗumi kuma tana iya sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke cin kan fistin. Ga bel ɗin kuloci, wanda duk dokin nan 180 ta jikinsa za su bi. A garejinmu, kowane irin babur aka kawo, ba abin da muke canzawa kamar bel, kuma zafi ne ke kashe shi.

Saboda haka in babur ɗin ya iso, abu uku zan sa wa ido. Na ɗaya, zafin kuloci da bel bayan doguwar hawa. Na biyu, saurin amsawa. Turbo sai hayaƙi ya taru yake juyawa da kyau, don haka akan sami ɗan jinkiri tsakanin murɗa totur da zuwan ƙarfi. A titi wannan ba komai ba ne. Ga mutumin da ya karkata babur a gefen gangare, ƙafarsa ɗaya a kan mataki ɗaya a iska, bishiya a ƙasansa, rabin daƙiƙa ma lokaci ne. Na uku, nauyi. Turbo da bututunsa kaya ne, kamfanin kuma ya ce sabon gangar jikin ya fi na da sauƙi da sirantaka. Wannan sai ranar da ya kafe a rami aka zo ɗaga shi za a tabbatar. Gani ya kori ji.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan damuna, kuma ba a cikin injin yake ba. A da, ƙarancin iska wani irin shinge ne. Babur ya hau ya hau, ƙarfinsa ya ƙare, dole mai shi ya juyo. Wanda ya wuce nan, ƙwarewa ce ta kai shi, kuma kafin ya ƙware ya yi shekaru yana kallon dutse. Yanzu shingen yana ta matsawa sama. Mutumin da bai fi hunturu biyu yana hawa ba zai iya isa inda a da sai gwanaye. Dutsen kuwa bai sauya hali ba.

Dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kowace saukowa da shimfiɗarta. In wata shimfiɗa maras ƙarfi ta kwanta a ƙasa, mai tauri ta hau kanta, nauyin mutum da babur ya isa ya karya ta ƙasan, sai ta saman ta zame gaba ɗaya kamar an ja tabarma. Wannan zaftarewa ta fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, daidai irin wanda masu hawa suke so. Kuma galibi wanda abin ya rutsa da shi, ko wani a cikin ayarinsa, shi ke tayar da ita. A ranar 28 ga Disamban 2008, mutum 8 daga garin Sparwood suka rasu a rana ɗaya a irin wannan. A ranar 13 ga Maris 2010, a Dutsen Boulder kusa da Revelstoke, jama'a sun taru kallon gasar wanda zai fi kowa nisa a hawa, a wani gangare da ake kira Turbo, sai dutsen ya zubo musu: mutum 2 suka rasu, kusan 30 suka ji rauni. A Janairun 2016, wasu 5 suka rasu kusa da McBride. Duk waɗannan sun faru kafin wani kamfani ya fito da turbo a inji mai bugu biyu, don haka ba za a ɗora wa sabon inji laifi ba. Abin da nake cewa shi ne, ya ƙara yawan mutanen da za su iya kai kansu irin waɗannan wurare.

Ilimin kare kai kuwa yana nan, kuma bai kai kuɗin ƙafar roba ɗaya ba. Hukumar Avalanche Canada, wadda hedikwatarta ke Revelstoke, tana fitar da hasashen haɗari kullum a lokacin hunturu, daga mataki na 1 zuwa na 5. Akwai kwas na kwana biyu da ake koyar da yadda ake karanta gangare da yadda ake ceto. Kowane mai hawa ya kamata ya rataya na'urar da ke aika sigina in an binne shi, ya goya shebur da doguwar sandar lalube a bayansa, ba a jikin babur ba, domin babur na iya tafiya ya bar shi. Wanda aka tono cikin minti 10 zuwa 15 na farko galibi yana rayuwa. In aka wuce minti 35, waɗanda ke fita da rai ba su kai rabi ba. Jirgin ceto ba zai iso a wannan lokaci ba, abokan tafiyarka su ne asibitinka.

Abokin cinikin namu mai walda ya san nauyin kowane ƙarfe a jikin sabon babur ɗin, amma bai taɓa yin kwas ɗin ba. Yana da na'urar, yana da shebur, sai dai da maigidana ya tambaye shi yaushe rabon da ya gwada neman wata na'ura da aka binne, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan ya tsaya mini a rai, domin da hannuna zan ɗaura masa jarkar da za ta ƙara masa nisan tafiya. Ba ni da ikon hana shi hawa, kuma ba na so in hana shi, don ni ma ina ɗokin jin kukan injin nan a sama da mita 2,000. Abin da na iya shi ne na ce masa zan yi rajistar kwas ɗin a Disamba, kuma ba ni da motar zuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce in na biya kuɗin mai zai kai ni, tunda ya je kuma ba zai zauna a mota yana jirana kwana biyu ba. Mun yi rajista mu biyu makon jiya.

Ga ku da ke son injina, ko na babur ko na janareta ko na mota, ga abin da wata takwas na jira suka koya mini. In aka ba ku adadi, ku tambayi a ina aka auna shi: a wane tsayi, a wane zafi, na tsawon minti nawa. Ku tambayi me aka biya aka same shi, nauyi ne ko zafi ko mai. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji biyar na sakandare ba, kun ga yadda muka yi na doki 165 da biro kawai.

Ƙanƙara ta fara yi wa kawunan duwatsu fari, amma sai ta taru sosai ta rufe kututture da duwatsu kafin a fara hawa, wanda kan kai ƙarshen Nuwamba ko Disamba. Na riga na ari na'urar auna zafi ta gareji, na kuma ja layi a littafina: tsayin wuri, juyin inji, zafin kuloci, man da aka sha. In Allah Ya kai mu, zan cike shi in aika wa Kawu, don har yanzu yana bi na bashin amsar tambayarsa.